Mastas ɗin furojet manejimen da na yi na ƙarshen mako, ga yadda na same shi

Tun da na saka hoton rigar yaye ɗalibai mutane ke ta tambayata wai kwas ɗin nan ya cancanci kuɗinsa kuwa, toh bari in amsa gaba ɗaya. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu. Ni dai aikina kula da sayit ne a wani ƙaramin kamfanin gine-gine, azuzuwan firamare da asibitocin sha-ka-tafi muka fi yi, shekarata 8 a ciki kafin na shiga karatun, kuma lakca ranar Juma'a da yamma ne da Asabar wuni guda.

Abin da ya biya ni kuɗina tun a samista ta farko shi ne darasin da suke ce wa kiritikal pat. Wallahi ranar da malamin ya zana shi a allo sai da na ji kamar aikina yake karantawa. Ma'anarsa a cikin duk ayyukan da ke cikin gini akwai wani jeri guda da kowanne ke jiran na gabansa, tono, fandisho, bulo, linta, dakin (zuban kankaren sama), rufi, idan ɗaya ya makara kwana 3 toh ranar miƙa makulli ma ta matsa kwana 3, sauran ayyuka kuma irin su haɗa ƙofofi a wajen mai walda suna da rarar kwanaki, ko sun yi jinkiri kaɗan babu abin da zai taɓu. Ni kuwa shekara da shekaru duk wanda ya fi ɗaga murya a sayit shi nake bi, in wuni ina faɗa da mai fenti alhali rodin dakin bai iso ba, kuma kankare ba ya jin roƙo, ƙarfinsa ma a kwana 28 ake auna shi. Dabarar ba sabuwa ba ce fa, kamfanin DuPont a Amurka ne ya fara aiki da ita a ƙarshen shekarun 1950, a daidai lokacin sojan ruwan Amurka suka fito da 'yar'uwarta PERT don aikin makami mai linzami na Polaris. Abin da ya girmi babana amma ni sai yanzu na san shi, wannan ya daɗe yana cina a rai.

Na biyu shi ne lissafin gane ko kuɗin da ka kashe ya yi daidai da aikin da ke ƙasa. Misali aikin miliyan 20 ne, ka kashe miliyan 12, sai ka auna ka ga kashi 40 cikin 100 kawai aka gama, wato aikin miliyan 8 ke nan. Raba 8 da 12, ka ga duk naira ɗaya da ta fita aikin kwabo 67 ta yi maka. Da can sai kuɗi sun ƙare tas muke gane an shiga rami, yanzu duk ƙarshen wata nake yin wannan lissafin in kai wa oga, farko yana ganin iyayi ne, da ya nuna mana matsala a wani aikin tun muna linta shi da kansa yake tambaya yanzu.

Malaman kam akwai na kirki, musamman wani dattijo injiniya da ya daɗe a fili kafin ya dawo koyarwa, shi ya koya mana rubuta rajistar haɗari, ka zauna tun kafin a sa diga ka lissafo abin da zai iya ɓaci, damina, tashin farashin siminti, jinkirin biyan kuɗi, rigimar fili, kowanne ka rubuta wa zai ɗauki nauyinsa da abin da za a yi in ya faru. Shi ne kuma ya tsaya a kan cewa mai unguwa da shugaban makaranta da iyayen yara duk suna cikin masu ruwa da tsaki, ba wanda ya sa hannu a kwangila kaɗai ba. Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu ɓangaren da bai yi min ba. Microsoft Project, wato shirin kwamfuta na tsara ayyuka, yana cikin manhajar karatun ƙarara, amma a allo aka koya mana shi da maka, ɗakin kwamfuta sau 2 muka shiga a duk karatun kuma rabin injinan ba sa tashi, sai a YouTube na koya da daddare da datata. Jadawalin Gantt ma, wanda ke nuna lokacin farawa da gama kowane aiki, da yawa a ajinmu sun fita ba su taɓa haɗa shi a kwamfuta ba, wannan ba daidai ba ne ga wanda ya biya kuɗin digiri na biyu. Sannan misalai kusan duk na waje ne. Mun yi makonni a kan gidan wasan Opera na Sidni, an ce shekara 4 ya ci 14, an ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7 ya ƙare a miliyan 102 aka buɗe a 1973, labari ne mai amfani ban ce a'a ba, amma ga kamfanin ƙarafa na Ajaokuta nan a Kogi da aka fara tun zamanin Tarayyar Sobiyat aka kasa gamawa, ga dokar sayen kaya da bayar da kwangilar gwamnati ta 2007 da ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin gwamnati, wadda a ƙarƙashinta yawancinmu muke neman abinci, lakca ɗaya tak aka yi a kanta a gurguje. Abin da ya fi min ciwo kuma sufabaizan furojet ɗina na ƙarshe, babi ɗaya ya yi wata 2 a teburinsa, makarantar da ke koyar da kiyaye lokaci ta sa karatun wata 18 ya kai ni shekara 2 da rabi.

Masu tambayar ko wannan zai maye gurbin PMP, a'a, hanyarsu daban. PMP takardar ƙungiyar PMI ce ta Amurka da aka kafa a 1969, jarrabawa ce mai tambaya 180 kuma sai kana da shekarun gogewa a aiki kafin a bar ka ka zauna, PRINCE2 kuma wata takardar ce mai kama da ita amma ta Birtaniya. Mastas ɗin dai zai sa in ka ɗauki littafin PMI ba za ka ji baƙon abu ba.

Shawarata, in kana da aiki a hannu ka shiga, ko na ƙungiyar agaji ne ko na ofis ba sai gini ba, domin duk asaimen da aka ba mu ni a kan sayit ɗina nake yi, ranar Litinin in gwada in ga ya yi ko bai yi ba. Yaran da suka zo kai tsaye daga bautar ƙasa sun fi mu maki a jarrabawa gaskiya, amma na ga yadda suke shan wuya in aka ce su ƙiyasta kwana nawa birkila 3 za su ɗauka su tayar da aji biyu. Kuma kafin ka biya ko sisi je ka ga ɗakin kwamfutarsu da idonka, ka nemi waɗanda suka gama bara ka tambaye su wata nawa sufabaiza ya riƙe musu aiki.