Hattara da masu tallan injin zarto na "gwanjo" a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kusan wata biyu ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi magidanci ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma jiya wani abokin aikina ya turo mini hoton wata talla yana tambaya ko ya saya. Ina dubawa na ga injin nan ne dai, bidiyon nan ne dai, sunan shafin kawai aka sauya. Shi ya sa na ce shirun ya isa.

Ni ba kafinta ba ne. Malamin makaranta ne a Kano, aikin katako kuwa sha'awa ce ta Asabar da Lahadi: kantar littattafai, ɗan benci, wurin ajiye takalman yara. Shekara huɗu ina fama da zarton hannu, in aikin ya yi yawa in kai katakon wurin masu inji a 'Yan Katako na Na'ibawa su tsaga mini. Burina kullum shi ne in mallaki injin zarto na tebur, wato wanda faifan zarton yake leƙowa ta tsakiyar tebur, kai kuma kana tura katako. Sau biyu ina zuwa Sabon Gari ina tayawa, sau biyu ina dawowa hannu rabbana, don kuɗin ya fi ƙarfin albashina.

Ana haka sai ga talla a Facebook. Inji rawaya da baƙi, kamar na kamfanin DeWalt sak. An rubuta cewa kayan gwanjon Kwastam ne, saura guda bakwai, ƙarfinsa wat 4,500, faifansa inci 10, kuma wai yana tsayawa da kansa idan ya taɓa yatsa. Har da bidiyo: an tura wani ɗan nama mai siffar yatsa wajen faifan, kafin ƙiftawar ido faifan ya nutse cikin tebur. Kuɗinsa naira 185,000, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ce mini a kasuwa ba.

Muka koma WhatsApp. Mutumin yana da Hausa mai daɗi, bakinsa kamar zuma. "Alhaji, ranka ya daɗe," yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya turo hoton katin shaida, da takardar rajistar kamfani, da rasidan wasu da ya ce sun saya a Zariya da Gusau. Da na ga sunan da ke asusun bankin na mace ne, ba na kamfanin ba, sai ya ce ai ƙanwarsa ce take riƙe musu kuɗi. Na tura 95,000 kafin alƙalami. Bayan kwana biyu ya ce sai an ba masu sito 20,000 kafin su saki kaya. Na tura. Ranar da kayan suka iso tasha, wani da ya ce shi yaron mota ne ya kira ni: kuɗin mota 15,000, kuma maigidansa ya ce ba a buɗe kwali sai an cika ragowar 90,000. Jimilla naira 220,000 ke nan.

Tun da na ɗaga kwalin gabana ya faɗi. Ƙaramin injin tebur na kirki ya haura kilo 20, wannan kuwa da hannu ɗaya na jefa shi cikin Adaidaita. Da na buɗe a gida, abin da na tarar tsohon injin zarto ne na riƙewa a hannu, an fesa masa fenti rawaya, an kife shi, an ɗaure da noti huɗu a ƙarƙashin wani falle na ƙarfe da za ka iya lanƙwasawa da gwiwa. Faifan bai wuce inci 7 da ɗan ɗori ba. An liƙa takardar suna a karkace, na ɓanɓare ta da farce na ga 1,200W a ƙasa. Makunnin kuma, wanda ake matsawa da yatsa, an ɗaure shi tam da waya, ma'ana da ka soka filogi a bango inji ya tashi. Na kira lambar, a kashe. Na koma WhatsApp, hoton mutumin ya ɓace.

Na ji daga baya cewa wasu ko kwalin ma ba su gani ba, daga kuɗin kafin alƙalami aka rufe su. Wallahi su suka fi ni sa'a, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. Wanda bai samu komai ba kuɗi kawai ya rasa. Wanda aka aiko wa wannan abu kuwa, zuciyarsa za ta ce masa tunda an riga an yi asara, bari a ɗan mora. Haka tawa ta ce mini.

Ranar Asabar na fito da shi tsakar gida. Na ɗauko wani falanki na malaina da na sayo a makon, bai gama bushewa ba. Ƙarfen jagorar da ke gefe, wanda katako yake bi don yanka ya miƙe, da ƙusa mai kunne ɗaya aka riƙe shi, yana rawa. Na tura falankin, ya kai wajen rabi, sai na ji kukan injin ya sauya. Ban ga tashinsa ba. Ƙara kawai na ji, falankin ya fizge daga hannuna, ya wuce ta gefen cinyata, ya daki randar ruwan da ke bayana ta dare biyu. Hannuna na dama ya zame gaba, sai da na ji iskar faifan a bayan yatsuna. Ƙaramin ɗana a jikin randar nan yake tsaye yana kallona, minti ɗaya kafin nan uwarsa ta kira shi ya kai mata kofi. Na zare filogi na zauna a ƙasa cikin ruwan, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Da yamma na ɗauki injin na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, wanda ya fi shekara talatin a kan inji. Ya juya shi, ya leƙa ƙasa, ya girgiza kai.

"Malam, wa ya sayar maka da wannan?"

"Baba, a waya na saya."

"To ba inji ya sayar maka ba, tarko ya sayar maka. Ina wuƙar baya?"

Ban ma san da ita ba. Ya ja ni wurin nasa ya nuna mini: wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje, a tsaye daf da bayan faifan, tsakaninsu bai wuce milimita 8 ba. Ya ce katako, musamman ɗanye, idan an tsaga shi yakan koma ya haɗe bakinsa a bayan faifai. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. Da katakon ya matse su, sai su ɗauke shi su wurgo maka. Shi yake kira harbi, irin na jaki. Wuƙar nan ita ce take shiga cikin tsagar ta hana ta rufewa, don haka dole kaurinta ya ɗara jikin faifan kaɗan, amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora suke yi. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu, yatsa biyu guntaye. Ya ce tun yana yaron shago ne, ranar da maigidansa ya cire wuƙar don wai tana rage sauri.

Da na dawo gida na yi lissafi irin namu na malamai. Faifai mai inci 10, wato milimita 254, idan yana juyi 4,000 a minti, bakin haƙoransa yana gudun kusan kilomita 190 a awa. Ba hannun da zai riga wannan janyewa. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa mutum wajen 30,000 ne faifan injin tebur yake yanka a shekara, wajen 4,000 daga ciki har da rasa yatsa. Wannan fa a ƙasar da ake sayar da injin da kariyarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar tana rubuce ƙuru-ƙuru a cikin tallar, kwaɗayi ne ya rufe mini ido. Ɗauki batun wat 4,500. Wutarmu bolt 230 ce, filogin gida mai ƙafa uku kuma amfiya 13 yake ɗauka. In ka ninka, bai kai wat 3,000 ba. Ƙananan injinan tebur na gaske tsakanin 1,500 da 2,000 da ɗan wani abu suke: Makita MLT100 wat 1,500 ne, DeWalt DWE7485 kuma 1,850. Duk wanda ya ce maka injinsa mai filogin gida ya kai 4,500, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya san kai ba ka sani ba.

Batun tsayawa idan ya taɓa yatsa kuwa, fasahar gaskiya ce, amma ba tasu ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ne ya ƙirƙiro ta a 1999, kamfaninsa SawStop ya fara sayar da injinan a 2004. Ana sa wa faifan wata 'yar siginar lantarki, da fatar mutum ta taɓa shi siginar ta sauya, sai wani birki na alminiyam ya cafke haƙoran cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, faifan ya nutse. Birkin sau ɗaya yake aiki, sai an sayi sabo, galibi har da faifan. Injinan nan masu tsada ne ko a can. Bidiyon da aka nuna mini nasu ne aka sato aka yanke sunan.

Gwanjon Kwastam ma haka. Hukumar ta sha fitowa tana gargaɗi cewa 'yan damfara suna amfani da sunanta, kuma gwanjonta ba ta WhatsApp ake yi ba, balle a ce ka tura kuɗi asusun ƙanwar wani. Takardar rajista kuwa, hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista tana da wurin bincike a shafinta na intanet, kyauta. Da na saka lambar da ke jikin takardar, bayan aikin gama ya gama, sunan wani kamfani daban ya fito, wanda ba ruwansa da injina. Minti biyu ya ɗauke ni.

Akwai wata damfarar mai laushi da Baba ya ja kunnena a kanta, a wajen masu kayan hannu. Injin da aka yi don Amurka na bolt 120 ne. Sai a yanke filoginsa a sa irin namu, a kankare farantin bayanin da ke jikinsa. Kana sokawa ya yi kuka sau ɗaya ya ƙone, mai kaya kuma ya ce wutar gidanka ce. In farantin ya goge ko an kankare, ka bar musu kayansu.

Yanzu in za ka sayi mai araha, ba laifi ba ne, ni ma shi nake tara wa kuɗi. Amma ka je da ƙafarka, ka tafi da wanda ya san inji, kuma kada sisinka ya fita sai an kunna a gabanka. Ka ga wuƙar baya da murfin faifai da idonka. Ka kulle ƙarfen jagora ka girgiza shi, in ya motsa ba ka da inji. Ka auna da tef daga haƙori ɗaya zuwa jagorar, ta gaba da ta baya, in bayan ya fi matsewa to harbi kake saye. Sannan gwajin da ya fi muhimmanci a ƙasarmu, inda ake ɗauke wuta ba sallama: a kunna injin, a zare filogi yana cikin gudu, a mayar. Na kirki ba zai tashi ba sai ka sake danna makunni. Ka tuna yadda muke yi idan an ɗauke wuta, mutum ya sa hannu yana share garin katako a bakin faifai, ko yara su zo suna taɓawa, sai kawai a kawo wuta. Ka kuma tuna ƙaramin janareton nan na kallon talabijin ba zai tayar da shi ba.

Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na tsaya a gaban injinsa ya gyara mini tsayuwa. Ba a tsayawa saitin faifai, gefe ake tsayawa, kuma ba a barin kowa a baya. Faifai ya leƙo saman katako kaɗan kawai. Idan ya rage kamar santimita 30 a gama, ko katakon siriri ne, da sandar turawa ake ƙarasawa, ba da yatsa ba. Ba a yanka a sake ba tare da jagora ba, ba a miƙa hannu ta saman faifai don ɗauko guntu. Ya kama hannun kaftanina ya ce, "Wannan kuma ka naɗe shi, ko ka cire rigar. Safar hannu ma ban yarda ba, ita take jan hannu ciki." Tabarau da abin rufe hanci ya ce kada in yi wasa da su, musamman in ana yanka filawud.

Kuɗina kuwa, sai bayan kwana uku na je banki, kunya ta hana ni zuwa da wuri. Kafin nan an kwashe su daga asusun. Na kai rahoto wurin 'yan sanda da hotunan hirarmu da rasidan tura kuɗi. In ya faru da kai, a sa'ar nan za ka kira bankinka, kuma kada ka goge saƙo ko ɗaya.

Shafin da abokin aikina ya turo mini jiya ya ƙara da injin walda da keken ɗinki, duk "gwanjo", duk "saura bakwai". Alamar da za ku gane su: a hoton sitonsu akwai ƙofar ƙarfe shuɗiya da lamba 14 a jiki, kuma duk wanda ya tambayi adireshin shago a ƙarƙashin tallar, kafin awa guda an goge tambayarsa. Na kira sabuwar lambar da wayar uwargida. Muryar nan ce dai ta ɗauka: "Alhaji, ranka ya daɗe."