Yawon ganin Yamai: ƙafa, taksi ko jirgin ruwa, wa za ka ba kuɗinka?

Duk wanda ya zo mini daga Tawa ko Ƙonni ko Madawa, da ya huta ya sha hura tambayarsa ɗaya ce, to ina za ka kai mu mu ga Yamai? Na daɗe ina wannan aiki ba albashi, na zaga da baƙi a taksi, na zaga da su a ƙasa, na shiga jirgin inji na shiga na hannu, an kuma cuce ni sau ɗaya cutar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bari in faɗi abin da na gani kowa ya zaɓa. Amma tun yanzu ku sani ina da gwanina, ƙafa da safe, kwale-kwalen hannu bayan la'asar, sauran duk cikon benci ne.

Taksi na zuwa unguwa ne ba na kallo ba, in ka ɗauke shi da awa direba hankalinsa na kan esansi, kai kuma ba abin da za ka gani sai bayan motar gabanka. Kabu-kabu kuwa idonka na kan kwalta kana salati, ina ka ga ta gini. Motocin kamfanonin yawon buɗe ido masu sanyi a ciki, waɗannan na ƴan proje ne da Nasara, kuɗin wuni guda ya isa ya kai ka Tawa ya dawo da kai har da tsaraba. Na gama da su.

Ƙafa kyauta ce amma tana da lokaci. Ka fito bayan asuba, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ka gama, in watan Afrilu ne ko Mayu ma kada ka soma, ranar Yamai ba ta san baƙo ba. Ni daga Filato, unguwar ofisoshi da ke bisa tudu, nake farawa, don nan ne za ka gane yadda aka zana garin. Sai a 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido nan, kafin nan ƴan ƙauyuka ne a bakin gulbin Isa, wato kogin Kwara, irin su Gudel da Gamkalle da Saga kowanne da kansa. Suka ɗauki tudu suka yi ofisoshinsu da gidajensu, hanyoyi miƙaƙƙu da itatuwa jere, suka bar ƴan ƙasa can ƙetaren kwarin Gunti Yena. A mota ba za ka taɓa lura da wannan kwari ba, amma a ƙasa ƙafarka ce za ta gaya maka, ka gangara ka hau, sai ka ji ka bar shiru ka faɗa hayaniya. Abu ɗaya dai, a Filato ka bar wayarka a aljihu, fadar shugaban ƙasa da wuraren soja ba a ɗaukar su hoto, kuma ka riƙe katin shaidarka. Sunayen hanyoyi ma sun canja, wadda ake ce wa De Gaulle tun 2024 ta koma Djibo Bakary, in kana bin tsohuwar taswira ta waya sai ka rikice, gara ka tambayi mai shayi.

Daga nan sai gidan tarihi na Boubou Hama wanda kowa ke ce wa Mize, an buɗe shi a 1959, tun kafin ƴancin kai. Mutanenmu suna shiga su wuce kai tsaye wurin zaki da kura, ba sa ko ɗaga kai su dubi ɗakunan, alhali ginin kansa abin kallo ne, farare da shuɗi, da zanko da zane irin na ginin Hausa. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamadar Agadas, har da wani kada da tsawonsa ya fi na motar haya, akwai kuma itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar sahara har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973 aka kwaso gawarsa aka kawo nan. Gwaggota da ta ji labarin ta ce duk faɗin sahara bai ga wurin bi ba sai kan icce guda, lalle wanga direba a bincike shi.

In ka fito, otel ɗin Gaweye da zauren taro na Fale de Kongire suna nan kusa, gine-ginen zamanin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, gefensu kuma zauren taro na Mahatma Gandhi da Indiya ta gina, da sabbin otel da aka yi don taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019. Ni waɗannan masu gilashin ba su burge ni ba, ka gan su a nan ka gan su ko'ina. Na fi son in ja baƙo mu bi ta Zongo da Mawre, tsoffin unguwanni masu lungu, mu ɓulla babbar kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake gina ta da manyan ƙofofi. Ƙaramar kasuwa ita ma wuta ta cinye ta a 2012, in wani ya ce zai kai ka can ka san labari yake ba ka. Masallacin Gaddafi, babban masallacin Juma'a da Libiya ta ba da kuɗin gina shi, yana da ɗan nisa, a nan na yarda ka shiga taksi.

To yanzu ruwa. Wanda bai ga Yamai daga tsakiyar gulbi ba rabinta ya gani, don garin bisa gaɓa yake zaune kuma da yamma rana tana faɗuwa ta bayan Harobanda, unguwannin ƙetaren gulbi, haskenta ya bugi gine-ginen ɓangaren gari su yi ja wur. Jirgi iri biyu za ka samu. Na inji yana da sauri, yana da rumfa, yana ɗaukar mutane da yawa, yana kuma da ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai, tsuntsaye duk su watse tun kafin ka iso. Amfaninsa guda, in nesa za ka, kamar ƙauyen Bubon mai kasuwar Laraba da tukwane, shi ma a halin rashin tsaro da ake ciki yanzu kada ka fita gari sai ka tambayi waɗanda suka san hanya ranar nan.

Na hannu shi ne nawa. Akwai wani dattijo Basarke, wato ɗan Sarkawa masunta, da nake nema duk sanda na yi baƙi, ba zan faɗi sunansa ba, Baba kawai nake ce masa, Hausarsa da ɗan gargada irin ta Zabarmawa amma ruwan nan ya san shi kamar tsakar gidansa. Jirginsa na katako ne, an toshe haɗin da tsumma da kwalta, akwai wani yankakken galan da ake kwarfe ruwa da shi, in ka zauna a tsakiya wannan aikinka ne, kada ka tsorata duk jirgin katako yana ɗan tsatsa. Yana tsaye a baya da gora, inda ruwa ya yi zurfi ya ajiye ta ya ɗauki filafili. Ba ya magana sai an tambaye shi. Haka za mu bi ta ƙarƙashin kadarkon Kennedy, mita 710, wanda aka buɗe a 1970, kana jin motoci da raƙuma da masu moto suna wucewa bisa kanka, ka kuma tuna kafin shi duk mai zuwa ƙetare sai ya jira jirgin fito. Shekara arba'in shi kaɗai ne, sai 2011 Sinawa suka gama na biyu can ƙasa wajen Gamkalle, na uku mai sunan Seyni Kountché kuma a 2021 can sama. A bakin gaɓa ga masu wanki suna dukan tufafi bisa dutse sun shanya su kala-kala, ga garake na salati da kabeji, ga tulin kabewa da jirage suka sauke, in kun gangara Gamkalle hancinka zai gaya maka kun iso wurin majema tun kafin ido ya gani. Wata rana na tambayi Baba ko gulbin nan ya taɓa ƙafewa, ya ce ɗana a 1985 da ƙafa muka ƙetare shi, ruwa ya tsaya cak. Ya kuma nuna mini da gora inda ruwa ya kai a bangon wani gida lokacin ambaliyar 2020 da ta ci Lamorde da Saga.

Lokacin shiga ma da bambanci. Agusta da Satumba ruwan ja ne na damina, da ƙarfi da datti, ban kai baƙo. Disamba zuwa Fabrairu ruwan da ya taso tun daga Gine yake isowa, gulbi ya cika ya kwanta, ga sanyi, wannan shi ne lokacin. Mayu da Yuni kuwa rairayi ne tsibi-tsibi, rabin tafiyar turin jirgi za ku yi.

Yanzu ku matso in ba ku labarin yadda aka yi da ni, don shi ya sa nake wannan dogon rubutu. Shekarun baya gwaggota ta zo asibiti, da ta samu sauƙi ta ce ita fa sai ta ga dorina kafin ta koma. Muka gangara bakin ruwa, wani saurayi ya tare mu da kati rataye a wuya da hotonsa a jiki, Alaji sannu, Hajiya sannu da zuwa, dorina ai yanzu na baro su guda shida har da jariri. Muka yi ciniki jika goma, ya ce a ba shi duka yanzu zai sayo esansi. Na ba shi. Ashe shi ba shi da ko filafili, ɗan kamasho ne, ya damƙa mu hannun wani mai inji shi kuma ya ɓace. Mai injin ya yi ƙasa da mu, mun wuce kadarko na biyu kaɗan sai inji ya yi tari ya mutu. Ya ce mai ya ƙare, shi jika uku kawai aka ba shi, in muna son komawa sai mu ƙara biyar ya kira yaronsa ya kawo. Ruwa na jan mu, magariba na yi, ba rigar ruwa ko ɗaya a jirgin, gwaggo ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tana cewa kai ɗan nan mi na yi maka za ka kashe ni cikin ruwan Zabarmawa. Na biya. Dorina kuwa ko kunnenta ba mu gani ba.

Saboda haka ku ji da kyau. Kada ka yi ciniki da kowa sai wanda zai tuƙa jirgin da hannunsa, ka tambaye shi gaban mutane, kai ne mai jirgin? Kada ka ba da kuɗi duka a gaɓa, rabi in an tashi rabi in ƙafarka ta taka ƙasa, wanda ya ƙi wannan ka juya ka tafi, jirage ba su ƙare ba. Ku yanke magana kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane kai, zuwa da dawowa ne ko zuwa kawai, awa nawa ne, don nan ne suke maƙale mutum. In na inji ne ka ɗaga tankin da hannunka ka ji nauyinsa, kunya ba ta hana nitsewa. Kuma ka ce a fara yin sama, wajen Yantala da Gudel, ko mai ya ƙare ruwa da kansa zai maido ku gari, in kuka yi ƙasa kuwa kun shiga hannu. Ka ƙirga mutanen da ke ciki, in ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa ka fita ko an yi maka dariya. Ka nemi rigar ruwa musamman in da yara, kuma ka hana su wanka, tsargiya gaskiya ce.

Duk wanda ya rantse maka za ka ga dorina maƙaryaci ne, ba akuyar gidansu ba ce. Masunta na gaskiya ma kauce mata suke, don tana kifar da jirgi, mai jariri kuwa ba a ko tunkararta. In dole sai ka gani, tana nan Mize cikin ruwanta tana hamma. Katin wuya kuma kada ya ruɗe ka, kowane mai hoto a kasuwa zai buga maka irinsa. Ka gwada mai jagora da tambayar da ka san amsarta, ni nakan ce wace shekara aka yi kadarkon nan, wani ya taɓa ce mini shugaban Amurka Kennedy da kansa ya zo ya buɗe shi, mutumin da aka kashe tun 1963. Irinsu ne kuma za su ƙarasa da kai wurin "ƙanensu" mai saida kurus ɗin Agadas, abin wuyan nan na Buzaye, a ce maka azurfa ce tsantsa ta kaka da kakanni, sati biyu wuyan matarka ya yi kore. In azurfa kake so ko takalmin fata, je wurin maƙera da dukawan da ke aiki cikin Mize ka tsaya a kansu ka ga ana yi, ka taya, in ba a sallama ba ka yi kamar za ka tafi.

Shi Baba ban taɓa yin doguwar magana da shi kan kuɗi ba, abin da muka saba nake ba shi in ƙara na goro, in na zo da yara da kansa yake aro musu rigunan ruwa wurin masu inji. Waya ce dai ba ya ɗauka, sai ka gangara da ƙafarka bayan la'asar ka tambayi masu wanki ko ya fita kamun kifi. Gwaggo kam har yau ko na ce Baba ne zai tuƙa, ta ce a gaishe shi, ita daga bisa kadarko ma tana gani sarai.