Sharhi kan akwatin haɗa kira da muka sa a shagonmu na Damagaram

Wanda yake da layin fikis, wato layin wayar tebur mai igiya, a shago ko a biro, kuma yana son kiran da ke shigowa ta nan ya riƙa riskarsa a wani wuri, akwatin nan mai haɗa wayar tebur da intanet ya cancanci kuɗinsa. Wannan shi ne hukuncina bayan mun ci bazara da damina da shi. Sai dai da sharaɗi: kada a bar shi a kan saitin da ya fito da shi daga kwali. Don layukan Amurka aka saita shi, kuma kusan duk wahalar da muka sha daga nan ta taso.

Shagon kayan gini ne na kawuna, kusa da Kasuwar Dole, ni ke riƙe da lissafi da takardu. Muna da magaza a hanyar Tanut inda ake sauke siminti da rodi da kwano, yayana kuma rabin zamansa a Kano yake wajen sayen kaya. Lambar shagon, irin mai farawa da 20 51 ɗin nan, tun zamanin Sonitel take, kafin a haɗe kamfanin da SahelCom a 2016 a samu Niger Telecoms. Tana kan faktir ɗinmu, tana kan allon ƙofa, ma'aikatu da ƴan kwangila ita suka sani. Kawu ba zai rabu da ita ba, kuma yana da gaskiya. Damuwar ita ce wayar tana kan tebur ɗaya, mu kuwa ba ma zama wuri ɗaya, balle ranar Alhamis da kasuwa ke ci.

Akwatin namu na wani ƙaramin kamfani ne, mai ramuka uku na jona igiya. Wanda aka rubuta wa FXS nan ake sa wayar tebur, shi ke ba ta wuta da sauti, shi ke sa ta ƙara. Wanda aka rubuta wa FXO nan layin bango ke shiga. Na ukun yana tafiya modem. Kamannin FXS da FXO ɗaya ne, kuma sa layin bango a FXS na iya ƙona shi, don haka mai haɗa mana ya manna musu jan tef da shuɗi tun ranar farko. Ya buɗe mana asusun SIP, wato asusun kiran waya ta intanet, da lambobin cikin gida guda uku: 101 shago, 102 magaza, 103 kuma manhaja ce a salular Yaya. Wani zai ce ai WhatsApp ma yana yin wannan. Yana haɗa ni da Yaya, gaskiya ne, amma ba ya ɗaukar kiran ɗan kwangilar da ya buga 20 51 ya kai shi magaza.

Tura kira shi ne dalilin sayen akwatin, kuma nan ya fi burge ni. Iri uku ne. Danna maɓallin tauraro (*) da 72 yana tura kowane kira kai tsaye zuwa lambar da ka ba shi, tauraro da 73 ya soke. Tauraro da 90 yana turawa in kana kan layi, 91 ya soke. Tauraro da 92 yana turawa in an yi ta ƙara ba a ɗauka ba, 93 ya soke. Waɗannan lambobin haka suke a akwatunan kamfanin Grandstream da tsoffin na kamfanin Linksys ma, domin duk daga tsarin wayar Amurka aka gado su. Yaran shago kuwa da na salula suka saba, irin su 21 da 61 da 67 masu tauraro a gaba da alamar # a baya, sai da na rubuta sababbin a kwali na manna a jikin tebur.

Na rashin ɗauka shi muke amfani da shi kullum, kuma duk rigimarsa a kan daƙiƙoƙi take. Akwatin ya zo da daƙiƙa 20. A takarda daidai ne. A aikace, mai kira ya riga ya ci wasu daƙiƙoƙin kafin wayar shago ta fara ƙara, sannan ya jira 20, sannan wayar magaza ta fara nata, yaron can kuma yana bayan kamyo yana ƙirga buhu. Ɗan Damagaram ba ya jiran wannan duka, katsewa yake ya kira wani shagon. Muka rage zuwa 12, sai Kawu ya yi fushi.

"Kai, kafin in tashi daga tabarma in kai hannu, abin nan ya sace mini kira."

"Kawu, ka yi haƙuri, za a ƙara maka kaɗan."

Muka tsaya a 15. Ban ga wata ƙa'ida a nan ba face a auna nisan mai ɗauka da wayarsa, da kuma ƙarfin gwiwarsa.

Dalilin jinkirin farkon ya kamata mai saye ya san shi. A tsarin da akwatin ya zo da shi, lambar mai kira tana zuwa ne tsakanin ƙara ta farko da ta biyu. In ka ce wa akwatin ya wuce da kira tun ƙara ta farko don sauri, lambar ba za ta fito ba. In kana son lambar, dole ya jira ƙara biyu. Akwai kuma zaɓin irin siginar lambar, na Amurka mai suna Bellcore da na Turai mai suna ETSI, kuma in bai dace da layinka ba allon wayar fayau zai zauna. Mai haɗawar ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har lamba ta bayyana. Ni na zaɓi jinkirin, domin ɗaukar waya ka san wanda ke binka bashi ne ko wanda kake bi ya fi daƙiƙa biyar daraja.

Tura kira in kana kan layi kuwa, a nan tallar ta fi abin. Layin bango guda ɗaya kira ɗaya yake ɗauka. In wani yana magana ta kansa, na biyun da ya bugo tun daga cibiyar kamfanin waya za a ce masa layi a cike yake, akwatin bai ma san an kira ba, balle ya tura. Tauraro da 90 yana aiki ne kawai idan ta intanet kake magana, misali ina hira da magaza sai kiran fikis ya shigo. Ko a nan ma akwai tarko: muddin jiran kira yana kunne, wato ɗan "tit" ɗin da ke sanar da kai wani na jira, akwatin ba ya ɗaukar ka a matsayin wanda ke kan layi, don haka ba zai tura ba. Sai an zaɓi ɗaya. Mun kashe jiran kira, dama Kawu ya tsani sautin.

Haka kuma kiran da ya shigo ta fikis ba ya iya fita ta fikis ɗin zuwa salular wani, tunda hanyar ɗaya ce kuma a cike take. Sai ta intanet. In zuwa 102 ne ko 103, ba a cin komai ban da mega. In zuwa lambar salula ce ta gari, kai mai turawa ne ke biyan wannan ɓangaren, minti bayan minti. Wanda bai san haka ba zai sha mamaki a ƙarshen wata.

Abin da ya fi ba mu wuya, har Kawu ya ce a cire akwatin a mayar da waya yadda take, shi ne rashin sakin layi. Mai kira ya gama magana ya ajiye, amma akwatin yana nan riƙe da layin, duk wanda ya bugo bayan nan sai ya ji a cike. Wani lokacin sai an zare wuta. Sanadin shi ne tsohon layin waya ba ya aiko da saƙon "an ajiye" yadda intanet ke yi. Abin da yake aikowa sautin tut-tut ne, akwatin kuma sai ya gane sautin kafin ya saki. Wanda aka koya masa a masana'anta na Amurka ne, haɗin 480 da 620 Hz (ma'aunin kaifin sauti), rabin daƙiƙa ƙara rabin daƙiƙa shiru. Yawancin ƙasashen Turai 425 suke, Faransa 440. Duk sautin da bai yi daidai da abin da ke cikin saitinsa ba, a wajensa hayaniya ce kawai. Mai haɗawar ya kira layin da salularsa, ya katse, ya ɗauki sautin da kwamfuta, ya buɗe shi a manhajar sauti ta Audacity, ya karanta Hz nawa ne da tsawon kowane ƙara da kowane shiru, ya shigar da su. Daga ranar ba mu sake zare wuta ba. Aikin bai kai rabin awa ba, amma littafin da ke cikin kwalin ko ambatonsa bai yi ba, kuma wannan babban aibi ne ga kayan da ake sayarwa ko'ina a duniya. Duk wanda zai haɗa maka irin akwatin nan, tambaye shi yadda zai auna sautin katsewa. In ya tsaya yana kallonka, nemi wani.

Miƙa kira ya yi kyau bayan ɗan gyara. Ɗan kwangila ya bugo yana tambayar ko rodi mai lamba 12 ya iso, sai in danna maɓallin R, in buga 102, in gaya wa yaron magaza wane ne a layi, in ajiye, su ci gaba. Da farko danna R ba ya yin komai, domin wayar teburinmu ɗan gajeren yankewa take yi irin na wayoyin Turai, akwatin kuwa yana jiran mai tsawo. Aka sauko da mafi ƙarancin lokacin a saiti, shi ke nan. Kada dai a sauko da shi fiye da kima, in ba haka ba ɗan motsin igiya ma sai ya ajiye maka mutum a jira.

Tauraro da 78 yana hana waya ƙara, 79 ya buɗe. Na so shi don lokacin sallar Juma'a, amma na daina, domin akwatin ba shi da agogon da zai buɗe da kansa, kuma wayarmu ba ta da fitilar da za ta tuna maka. Yaro ya danna da rana ya manta, har la'asar ana mamakin yadda kasuwa ta yi sanyi. Haka yake da 72. Alama ɗaya ce, sautin da kake ji in ka ɗaga kan wayar, kuma wa ke ɗaga waya don jin sauti? Wannan a ganina gazawar kayan ce. Yanzu tura kiran lokacin sallah da na dare a can wajen asusun SIP aka saita shi da agogo. In za a yi haka, a kula: ko akwatin ya riƙa fassara lambobin tauraro, ko a bar wa asusun, ban da duka biyun. In kowa yana turawa, shago ya tura magaza, magaza ta turo shago, kira ya yi ta zagaye har mai shi ya gaji.

Murya tana da kyau in rezo na da kyau. Akwai zaɓin tsarin da ake tura murya da shi ta intanet. Da wanda ake kira G.711 kamar mutum yana gefenka, amma yana cin mega ɗaya da ɗan wani abu a minti. G.729 bai kai rabin mega ba, muryar ta ɗan shaƙe amma ana ganewa, shi muka sa wa Yaya saboda hanya. Da G.729 sai a sa danne-dannen maɓalli su bi ta zaɓin da ake kira RFC 2833 a saiti, in ba haka ba injin da ke cewa "danna ɗaya, danna biyu" ba zai ji ka ba. In jinkiri ya wuce milisakan 150, za ku fara taka wa juna magana, kuma wannan ba laifin akwati ba ne. In waya tana kira amma ba ta karɓa, ko ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji, a duba modem a kashe abin da ake kira SIP ALG.

Tsarin lambobi shi ne wurin da ban yarda a yi sakaci ba. Mun saita shi ya fitar da lamba mai alƙaluma 8 ta fikis nan take, ba tare da jiran daƙiƙa 4 da yake yi don ganin ko ka gama bugawa ba. Lambar ƴan sanda 17 da ta ƴan kwana-kwana 18 ta fikis suke bi kai tsaye, ko da intanet ko babu. Duk mai farawa da 00, wato lambar ƙasar waje, a rufe take, ban da 00234 ta Najeriya. Kalmar sirrin da ya zo da ita kuma a canza ta kafin a jona shi da modem. Akwai masu laluben ƙofar da kiran SIP ke bi, mai lamba 5060, dare da rana a intanet, in suka samu akwati a buɗe sai su yi ta kiran ƙasashen waje da layinka, takardar biya ta zo da sunanka. Wanda kuma yake tunanin shigo da kiran waje ta irin wannan hanya ya sayar wa mutane, ya fara sanin cewa harkar sadarwa tana ƙarƙashin hukumar ARCEP, ba irin aikin cikin gida da nake magana ba ne.

Wuta kaɗan yake ci, volt 12, mun ɗaura shi da modem a batirin fano mai hasken rana. Ko batirin ya mutu, akwai ɗan makunni a ciki da ke haɗa wayar tebur da layin bango kai tsaye, sai ta koma yadda take a da. Ba kowane akwati ke da wannan ba, a tambaya kafin a biya. A zafin Afrilu da Mayu jikinsa yana ɗaukar zafi sosai, mun ɗaga shi daga tebur mun rataye a bango inda iska ke bi, bai taɓa tsayawa ba. Da damina, in hadari ya haɗo da walƙiya, muna zare layin bango, domin ta igiyar tagulla tsawa ke shigowa.

Mai shagon da ba shi da fikis, ko wanda shi kaɗai ke ɗaukar wayarsa, ba ya buƙatar wannan, tura kiran salula ya ishe shi. Mu kuwa abin da ya rage mana shi ne mai kira na biyu da ke jin layi a cike ranar kasuwa. Maganinsa layi na biyu ne da akwati mai FXO biyu, kuma Kawu ya ce a bari sai bayan kaka in kuɗin ƴan kwangila sun shigo.