Rama, auduga ko kaba: wace igiya za ka saya?

Idan ka tsaya gaban mai igiya ranar kasuwa, kada kauri ya ruɗe ka. Fara sanin aikin da za ta yi maka: ɗaurin kaya, jan guga, ko turke akuya.

Ni dai rama nake fara dubawa. Daga ɓawon kara ake samun zarenta, bayan an jiƙa shi a ruwa har abin da ke manne da zaren ya ruɓe. Ƙwayoyin halittar wannan zare suna da bango mai kauri, kuma siraran zaruruwan selulos (sinadarin da ke ba tsiro ƙwari) da ke cikin bangon sun kwanta kusan a miƙe, suna bin tsawon zaren. Shi ya sa rama take ɗaukar nauyi ba ta talewa. Da ƙyar take ƙara kashi 2 cikin 100 na tsawonta kafin ta tsinke. Wajen ɗaure buhuna a amalanke wannan alheri ne, don ɗaurin ba ya saki. Amma ba ta jure fizga, kuma in ka naɗe ta da danshi ka ajiye, ruɓewa za ta yi.

Auduga halinta daban. Kusan kashi 90 cikin 100 na zarenta selulos ne, kuma zaruruwan a karkace suke cikin bangon, don haka tana talewa har wajen kashi 7 kafin ta katse. Ba ta cin hannu, ba ta goge wuyan dabba, kuma idan ta jiƙe ƙarfinta ƙaruwa yake yi. Sai dai tsada, ga jinkirin bushewa.

Kaba, wato ganyen goruba, ita ce ta talaka: arha, kaushi, ta wadatar wajen darni da jinka. In ta bushe ƙamas tana karyewa, sai ka yayyafa mata ruwa kafin ɗauri. Kada ka ba ta nauyi mai yawa.

Kowacce ka zaɓa, murɗa ta ka buɗe tufkar ka leƙa ciki. Gari-gari, baƙi-baƙi ko warin ruma na nufin ta kwana biyu a danshi, bar ta. Ka kuma sayi wadda ta fi ƙarfin aikin, domin ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi sosai. Da damina kuwa zare yana kumbura igiya ta tsuke, saboda haka ka bar sarari a wuyan dabba, yadda yatsu za su shiga.