Wasiƙa daga Ballyhaunis, wani ƙaramin gari a Ayalan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya su Hajiya da yara? Ka ce in ba ka labarin garin da nake, tunda duk hoton da na turo ba ka ganin komai sai shanu da ciyawa.

Ballyhaunis na gundumar Mayo ne, a yammacin Ayalan. A ƙidayar 2022 mutanensa ba su cika 3,000 ba, unguwa guda a Funtuwa ta fi shi jama'a. Amma jirgin ƙasan Dublin zuwa Westport yana tsayawa a nan kullum, kuma tashar tana nan tun 1861. Gidan waya, kantin magani, likita, firamare da sakandare, duk da ƙafa ake zuwa. Ɗakin karatu kyauta ne, ko ka makara wajen mayar da littafi ba tara. Har gidan rediyo gare su, Midwest, wanda ke karanta sanarwar rasuwa kowace rana, tsofaffi kuwa ba sa bari ta wuce su. Nan mutanen sun burge ni, don suna zuwa jana'iza da ta'aziyya kamar mu.

Na san abin da ya fi damun Hajiya shi ne nama da salla. Ka kwantar mata da hankali. A shekarun 1970 wani ɗan kasuwa ɗan Pakistan, Sher Rafique, ya kafa mayankar halal a garin, yana fitar da nama zuwa ƙasashen Musulmi, ya kuma kawo mahauta daga ƙasarsu. A 1987 aka gina masallacin da nake sallar Juma'a a ciki, shi ne na farko a duk ƙasar da aka gina shi musamman a matsayin masallaci tun daga tushe. Kamfanin ya karye daga baya, amma iyalan sun zauna, har jikokinsu na buga wasan sanda da ƙwallo na gargajiyar ƙasar. Har yau masana'antun nama da kaji ne ke riƙe da garin, su suka jawo 'yan Siriya, Folan, Burazil da mu 'yan Afirka.

Ta fannin cefane, madara, man shanu, dankalin Turawa da kaji suna da sauƙi in ka duba abin da ake samu a awa ɗaya ta aiki. Doya kuwa sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka ɗauki ƙwaya ɗaya, kuma sau da yawa ka yanka ka tarar cikin ya yi baƙi. Attarugu ana sayar da shi 'yan ƙwayoyi a leda. Tuwo da garin samolina nake yi.

Ruwan famfo ba a biyan kuɗinsa a gidajen zama, dare da rana yana zuwa. Ɗumi ne ake saye da tsada. Kuɗin wuta da man ɗumama ɗaki su ke cinye albashi daga Nuwamba zuwa Maris, shi ya sa wasu tsofaffi har yanzu suke ƙona busasshiyar ƙasar fadama a murhu. Wutar ma ba a rantse mata ba: guguwar Éowyn ta Janairun 2025 ta jefa gidaje da shaguna sama da 700,000 a faɗin ƙasar cikin duhu, wasu ƙauyukan yammacin nan sun yi makonni a haka, ga gidajen ba janareta.

Duk aikin da hannun mutum zai taɓa tsada gare shi. Aski, gyaran mota, ɗinke wando, in ma ka sami telan. Wallahi ina kewar mai gyaran takalmi na bakin tasha. Ganin likita kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 8, babba in ba shi da katin gwamnati sai ya biya, babban asibiti kuma sai an je Castlebar.

Tarihin garin ya sa na fahimci yadda suke karɓar baƙo. Ya tashi ne a gefen gidan ibadar limaman Kirista da aka ce an kafa a 1348, wanda aka rufe a 2002, yanzu jama'a ke shan iska a filinsa bakin kogin Dalgan. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankali, ta rage mutanen Mayo daga kusan 389,000 a 1841 zuwa kusan 274,000 a 1851, wasu sun mutu, wasu sun tsallaka teku. Har yau gundumar ba ta kai rabin adadinta na 1841 ba. Da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗan'uwa a Amurka ko Ingila. Sun san zafin ci-rani, tsohuwa za ta tsayar da kai a hanya ta tambayi lafiyar mahaifiyarka da gaske.

Game da ƙaninmu da ke son tahowa, ka faɗa masa gaskiya: aikin mayanka tsayuwa ce cikin sanyi tun asuba, gidan haya kuma ya yi ƙaranci ƙwarai. Kada ya motsa sai da takardar izinin aiki a hannu. In an sami mai tahowa, Hajiya ta haɗo mini kuka da kuɓewa busasshiya. A gaida kowa da kowa.