Horar da ma'aikata ko nazarin bayanansu: wanne ya fi hana su ajiye aiki?

Wata Hajiya ta ce malamai suna yawan ajiye aiki a makarantarta mai zaman kanta, kuma kuɗin da ta ware ba zai ishi abu biyu ba, shi ne take tambaya ko ta tura su horo, ko ta sayi manhajar nazarin bayanan ma'aikata. Hajiya, a ganina hanyoyin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, domin nazari dalilin tafiya yake ganowa, horo kuwa wasu daga cikin dalilan kawai yake magancewa.

Horo yana amfani idan abin da ke korar mutum shi ne rashin sanin makamar aiki, ko ganin cewa babu hanyar ci gaba a gabansa. Sai dai yana da nasa haɗarin. Tun a shekarun 1960 masanin tattalin arziki Gary Becker ya bambanta horon da ke amfani a wurin aiki ɗaya kaɗai da wanda ma'aikaci zai iya tafiya da shi ko'ina. Idan malaminki ya ƙware a koyar da lissafi ko kwamfuta, darajarsa ta ƙaru a idon makarantun da ke kusa da ke, kuma muddin albashinsa da matsayinsa ba su motsa ba, to kin yi wa wasu noma ne. Ta fuskar kuɗi kuwa, ma'aikatun da ke biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, suna iya neman a mayar musu da har rabin abin da suka biya idan sun cika sharuɗɗan horo.

Shi kuwa nazari, amfaninsa shi ne yakan nuna abin da shugaba bai zata ba. Kamfanin Google ya lura cewa matan da suka haihu suna barin aiki fiye da sauran ma'aikata, sai a 2007 ya ƙara hutun haihuwa mai albashi daga mako 12 zuwa 18, kuma a cewar shugabanninsa yawan masu tafiya a cikinsu ya ragu da rabi. Babu irin kwas ɗin da zai warware wannan matsala, tunda ba ƙwarewa matan suka rasa ba. Daga baya wani binciken kamfanin mai suna Project Oxygen ya nuna cewa ma'aikata sun fi zama a ƙarƙashin shugabanni na gari, saboda haka aka karkata horo zuwa ga shugabannin sassa. A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu.

Amma fa Google kamfani ne mai dubban ma'aikata. A makaranta mai malamai 30 ko 40 manhaja ba ta da isassun alƙaluman da za ta yi hasashe da su, don haka ban ga dalilin sayenta ba. Rajista ɗaya ko shafin Excel ya wadatar: ranar kama aiki, ranar tafiya, albashi, darasin da mutum ke koyarwa, wanda ke shugabantarsa, da inda ya koma. A sa wani wanda ba shugabansa ba ya tattauna da mai tafiya, domin kunya da kara sukan sa mutum ya ce karatu zai koma alhali jinkirin albashi ne ya kore shi. A kuma tsare waɗannan bayanai yadda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada.

Idan rajistar ta nuna cewa yawancinsu a zangon farko suke tafiya, ki sa kuɗin a horar da sababbi tare da haɗa kowanne da gogaggen malami. Idan a ƙarƙashin mutum ɗaya suke gudu, shi ne mai buƙatar horon. Idan kuwa makarantun da suka fi ki albashi suke komawa, kuɗin horon gara ki ƙara shi a kan albashin malaman da ba ki son rasawa.