Gargaɗi ga 'yan kasuwar Katsina kan masu tallar manhajar haɗa lissafin kamfani

Ina jan hankalin masu shaguna, dillalai da ƙananan masana'antu game da wasu mutane da ke zagayawa daga Babbar Kasuwa zuwa Ƙofar Ƙaura suna tallar manhajar ERP, wato wadda ke tattara lissafin kuɗi, kayan sito, albashin ma'aikata da bashin abokan ciniki a wuri guda. Irin wannan manhaja tana da amfani ƙwarai, damfarar tana cikin yadda suke sayar da ita ne.

A kamfanin rarraba kayan masarufi da nake riƙe wa lissafi, sun gabatar da kansu a matsayin wakilan SAP, kamfanin nan na ƙasar Jamus da aka kafa a 1972, suka karɓi fiye da rabin kuɗin kafin su fara aiki, wai na lasisi. Daga baya wani masanin kwamfuta ya duba, ya tarar cewa abin da suka girka mana Odoo ne, manhajar wani kamfanin Beljiyam, kuma samfurinta na kyauta wanda kowa zai iya saukewa daga intanet, sunanta da tambarinta kawai suka sauya. Da ladan girkawa da koyarwa suka nema, da babu mai cewa uffan, domin wannan halal ne.

Babbar ɓarnar ita ce sun riƙe kalmar sirri ta mai cikakken iko, suka kuma ajiye bayananmu a wata kwamfuta tasu da ba mu san inda take ba. Ranar da maigida ya ƙi biyan abin da suka kira kuɗin sabuntawa, sai muka wayi gari sun rufe mana manhajar, ga motar kaya a ƙofar sito, ga masu bashi waɗanda babu wanda ya haddace adadin da ake bin su.

Duk wanda suka zo wa, ya nemi lambar rajistarsu ya bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya tabbatar da wakilcinsu daga kamfanin da suke iƙirari, kada kuma ya tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani. A rubuta cikin yarjejeniya cewa cikakken iko da kwafin bayanai suna hannun mai kasuwa tun ranar farko.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda tare da rasit da saƙonninsu. Kayan sito kuwa, da tsohon littafi muke sake ƙirga su katan-katan.